Tamanin Ƙasa da Sifiri

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Wannan rajistar ta wurin aiki ce. Ba sata na yi ba, a kwandon shara na tsince ta ranar da suka sallame ni, wai yanzu kwamfuta ke rubuta sanyin firiza. Tana da layin rana, layin lokaci, layin sanyi, layin sa hannu. Shekara talatin da ɗaya ina cika irinta a ɗakin ajiyar jini na asibiti. Ban taɓa zama a aji ba. Lamba na fara koya a jikin firiza, baƙi kuma Tsohon Likita ne ya koya mini a bayan kwalin magani. Wanda rubutuna bai yi masa ba, ya rufe.

Saboda 'yata Auta na buɗe ta. Cikinta wata takwas. Sun je hoto ita da mijinta, aka ce mabiyiya ta zauna a bakin hanya, ba za ta haihu da kanta ba sai an yi mata aiki. An sa ranar Alhamis 27 ga wata. An ce irin wannan aikin yana cin jini.

Jinin Auta kuwa ba ya karɓar na kowa. Na uwarta ta ɗauko. Duk shekarun da na yi a wurin nan mutum biyu na gani da irinsa, kuma dukansu a gidana suke kwana. Shekara takwas da suka wuce Tsohon Likita ya ɗebi leda uku a jikin uwarta, ɗaya bayan ɗaya, ya daskarar. Ya ce ko don wata rana. Ita ta rasu shekara shida ke nan, Allah ya jiƙanta. Shi ma ya bi ta. Ledojin suna nan a firiza ta biyu.

Surukina ya ce, "To Baba, ai an gode Allah, jini yana nan."

Na ce yana nan.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Ban ci abinci ba. Ba wani abu ba ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Surukina malamin makaranta ne. Malam Gyara nake ce masa a raina, don ba ka faɗin kalma uku bai gyara maka ɗaya ba. Yau na je gidansu, ya zo da waya a hannu zai karanta mini yadda ake daskarar da jini. Ni.

Na bar shi ya gama, sannan na ce, "Malam, ajiye wayar nan ka ji. Jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini, kowace ɗaya 'yar jaka ce cike da ruwa. Ka sa ta a sanyi haka nan, ruwan ya zama ƙanƙara mai tsini, ya huda ta. In ka narkar, jan ruwa kawai za ka samu, ba ya amfanin kowa. Shi ya sa ake fara shayar da su gilisarin, wani ruwa mai kauri, a hankali, ana girgizawa, har ya shiga ya zauna inda ruwa yake. Sannan a sa a kwali, a kai tamanin ƙasa da sifiri. Ranar buƙata a narkar a ruwa mai ɗumin jikin mutum. Kuma ba a saka wa mutum haka, sai an wanke gilisarin ɗin da ruwan gishiri, mai ƙarfi da farko, sai mai sauƙi, sai mafi sauƙi. Ka yi gaggawa, su kumbura su fashe. Da an wanke, wuni da kwana ɗaya gare shi."

Ya ce, "Ba gilisarin ake cewa ba, Baba."

Na ce, "Shi bai taɓa ƙin amsawa ba."

Auta ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce mu bar ta ta huta.

Abu ɗaya ban faɗa masa ba, don bai tambaya ba. Sanyin ba ya son hawa da sauka.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je asibiti. Shekara uku rabona da ƙofar nan.

Maigadi ya hango ni ya ce, "A'a, ga angon firiza! An zo biko ne?"

Na ce, "Kai dai har yanzu ba su samu kwamfutar da za ta yi barci a kujerarka ba?"

Shugabar ɗakin jini ta yanzu ita ce ta sallame ni. Mai Tabarau. Sa'ar Auta ce, ko ta girme ta kaɗan. Wai ba ni da satifiket, wai shekaru sun cika. Suka yi taro suka ba ni agogon bango, bai yi wata biyu ba ya tsaya. Yau ta tashi ta ba ni kujera, har da ruwa. Ban sha ba.

Ta ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Mun fito da rajistar firiza ta biyu tun daga ranar da aka sa jinin. Shekara biyar da hannunka, uku da na'ura. Ba rana ɗaya da ta sauka daga tamanin. Wallahi yaran da ke aiki a nan na nuna musu, na ce ku ga aiki."

Na ce, "Yanzu kika gani."

Ta ce za su narkar ranar aikin da safe, dukansu uku.

Na ce, "To a ce, misali, an narkar an ga bai yi ba?"

Ta ce akwai wata babbar ma'ajiya a wata ƙasa mai nisa da ke da irinsa, amma tsakanin takardu da jirgi sai an yi mako biyu cur, kuma ba sa sakin jininsu ga wanda yake da leda uku lafiyayyu a ajiye.

Na ce, "Kowace leda ai tana da wutsiya." Ɗan bututun da ake bari a gefe ke nan, don a yanka a gwada ba tare da an taɓa ledar ba.

Ta ce, "Guda ɗaiɗai ya rage musu, kuma ledar da ta daskare kamar gilashi take, kai ka fi ni sani. Ba na son a taɓa su babu dalili. Ko akwai dalili, Baba?"

Na ce tambaya dai na yi.

Ashirin da bakwai a cire sha huɗu, sha uku. Wannan lissafin ko ba aji na iya shi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Saura kwana shida sha uku ga wata.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ba na son Asabar.

Ƙararrawar firiza ta biyu, sau uku na kai ƙorafi cewa ta mutu. Sau uku. Mai gyaran wuta ya zo ya duba, ya ce zai dawo da kaya, har na bar aiki bai dawo ba. Wannan a rubuta. Mutum ɗaya aka bar wa tsaron Asabar da Lahadi shekara da shekaru, ba mai canjinsa. Wannan ma a rubuta. In ana neman masu laifi a wurin nan, layin yana da tsawo, ba ni ne a gaba ba.

Ba wanda ya ce ana nema.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na wuni gidan Auta. Ƙafafunta sun kumbura, ta sa silifas ɗin mijinta. Tana ninke kayan jariri, tana buɗewa, tana sake ninkewa. Wannan ne ciki na uku, biyun farko ba su tsaya ba.

Ta ce, "Baba, abin mamaki, ko? Inna ta tafi, amma ta bar mini ajiya a hannunka."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Lokacin ina makaranta, ban iso ba sai da aka gama komai. An ce kwana biyun nan ko ƙofa ba ka leƙa ba, kana gefen gadonta. Wa ya riƙe maka aiki?"

Na ce, "An riƙe."

Ta ce, "Allah ya saka wa ko wane ne."

Na tashi na ce zan duba famfonsu, yana ɗiga. Ba ya ɗiga.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Tsohon Likita ya taɓa cewa gilisarin mai yawa yana da haƙuri, ko sanyi ya ɗan motsa ba lallai ƙwayoyin su mutu ba. Da kunnena na ji. Ya ce "ɗan motsa." Bai faɗi nawa ba. Ni ma ban tambaya ba, don lokacin ba ni da dalilin tambaya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na ciro agogon da suka ba ni daga bayan ƙofa, na canza masa batir. Bai tashi ba. Shekara talatin da ɗaya.

Abu ɗaya ya rage mini a wurin nan, shi ne in an ambace ni a ce bai taɓa kuskure ba. Ba gida, ba muƙami, ba takarda. Shi ma sai na kai musu da ƙafata?

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na sa takalmi. Na kai bakin titi. Mota biyu ta tsaya mini. Na dawo.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

An tashi daga aiki yanzu.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tun ran Talata na sa tumatir biyu a firizar maƙwabciyata. Ɗaya na bar shi. Ɗayan na fitar ya ɗan saki, na mayar. Yau na narkar da su. Duk biyun sun zama ruwa, ban gane komai ba, don tumatir ba shi da gilisarin. Matar tana kallona ta taga, ta ce, "Baba, in miya kake so ka faɗa." Na ce ta ji da gidanta.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Auta ta ga jini da safe. Kaɗan ne, ya tsaya. Sun kwantar da ita a asibiti, ba za ta koma gida ba sai bayan aiki. Hawa na uku. Matakalar nan ce dai, ta sha bakwai har yanzu a fashe take.

Malam Gyara yana tsaye a baranda yana gaya wa 'yan'uwansa a waya kada su damu, akwai jini leda uku, kuma surukinsa ne ya tsare shi da kansa. Sai da ya faɗa wa mutum huɗu. Na ƙirga.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Bari in rubuta a nan tukuna in ga yadda yake a takarda.

Ranar Asabar ce aka kwantar da uwar Auta a hawa na uku. Ni ke tsaro. Aikina in duba allurar sanyi ƙarfe takwas, sha biyu, da huɗu, in rubuta. Shekara ashirin da takwas a lokacin ina dubawa, kullum tamanin. Hannuna ya san tamanin kafin idona ya kai. Da nas ta sauko ta ce in zo, sai na buɗe rajista na cika na Asabar duka, na cika na Lahadi duka, tamanin sau shida, na sa hannu sau shida, na kulle ɗakin na hau. Na ce zan riƙa saukowa. Ban sauko ba. Ta riƙe mini hannu, in na motsa sai ta ƙara matsewa. Ta cika Lahadi da rana.

Litinin da sassafe na zo in ajiye makulli. Tun daga ƙofa na ji shiru. Wanda ya zauna da firiza ya san kukanta. Makunnin bango ya faɗi, ban san tun yaushe ba. Allura tana kan sha ɗaya ƙasa da sifiri.

Na ɗaga makunnin. Na zauna a ƙasa ina kallonta tana komawa a hankali. Da ma'aikata suka fara zuwa ba ta gama komawa ba, sai na tsaya na kare ta da bayana, suna shigowa ɗaya ɗaya suna yi mini ta'aziyya, ina amsawa. Tsohon Likita ya dafa kafaɗata ya ce, "Ko a irin wannan rana ka zo duba firiza?"

Sauran abin da ke cikinta lokacinsa ya cika an zubar, ba wanda aka saka wa. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ukun nan ne suka rage. Na ce a raina shekara goma za ta cika su ma a zubar, maganar ta bi su.

A takarda ma bai yi kyau ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na riga Mai Tabarau zuwa. Maigadi ya fara zolayarsa, ya ga fuskata ya bari.

Na ce mata, "Likita, akwai dalili."

Ta rufe ƙofa. Na faɗa a tsaye, daga farko har ƙarshe. Na shirya wa faɗa, har na tanadi maganar ƙararrawa da mai gyaran wuta. Ba ta ba ni damar amfani da su ba.

Ta ce, "Nawa allurar ta nuna?"

"Sha ɗaya."

"Awa nawa?"

"Ban sani ba."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce, "Ran shida ga wata kana kan kujerar nan."

Na ce ina sane.

Ta ɗauki waya ta yi ta kira kusan awa guda. Da ta gama ta ce, "Ledojin, wace a ina take a ranar?"

Wannan na sani. Ta farko tana bakin ƙofa a kanta ta sama. Ta biyu tana tsakiya. Ta uku can ƙurya, bayan kwalayen, inda sanyi ke daɗewa.

Ta ce, "Sa safar hannu ka fito mini da su. Yaran nan ba su taɓa riƙe irin wannan tsohon kwalin ba."

Na ga rubutun Tsohon Likita a jiki. Na ga sunan uwar Auta. Muka yanke wutsiya uku muka mayar, minti biyu bai cika ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ba na buƙatar na'ura ta gaya mini. In ƙwayoyi suna da rai, ruwan wankin yana fitowa da ɗan ja, sannan ya washe. Ta jera kwalabe uku a gaban taga.

Ta bakin ƙofa ja wur, ta ƙi washewa. Ta mutu.

Ta tsakiya, kusan sulusi ya fashe, sauran za su yi.

Ta ƙurya lafiya lau.

Leda biyu babu kaɗan ke nan. Likitan tiyata uku ya nema, ya ce ukun ma da addu'a. Masu ma'ajiyar nesa sun yarda, jini zai iso Litinin 31 ga wata. An ɗaga aikin zuwa ranar, in cikin ya yarda ya jira.

Da ran shida na faɗa, da ran ashirin ya iso. Da ran sha uku ma, da ya iso daidai. Ba wanda ya yi mini wannan lissafin, ni na yi.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dole a gaya wa miji dalilin ɗaga aiki. Na ce ni zan faɗa.

A baranda muka tsaya. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Na shekara shida ban ce komai ba, Baba. Matarka ce, ko ni ne ban san me zan yi ba. Amma tun uku ga wata ka sani. Kana zaune a falona kana koya mini ruwan gishiri."

Na ce, "Ƙararrawar ai..."

Ya ce, "Baba, don Allah."

Sannan ya ce kada a gaya wa Auta sai ta sauka. Ya shiga ya bar ni.

Yau bai gyara mini kalma ko ɗaya ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Saura goma. Tana kwance, an hana ta ko zuwa bayi da ƙafarta. Ta ce na rame. Na ce matakala ce.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Saura takwas.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Bakwai. Kullum in na sauko sai na tsaya a ƙofar ɗakin jini na saurari kukan firiza ta biyu. Ba wanda ya kore ni.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Cikin bai jira ba.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna jini ya ɓalle mata. Ina kan benci na ga nas ta fito da gudu, takalminta ya yi ja. Mai Tabarau ta hango ni daga ƙasa ta ce, "Baba, sauko!"

Ta ƙurya muka fara. Na ciro kwalin da hannu biyu, na sa ledar cikin wata ledar don ko ta tsage, na kwantar a bahon ruwan ɗumi. Ɗumin talatin da bakwai. Wani ma'aikaci ya ce a ƙara zafin ruwan don a yi sauri. Na ce in ya taɓa makunnin nan sai na karya masa yatsa. Mai Tabarau ta ce, "Kun ji dai."

Minti arba'in ina girgiza bahon a hankali. Waya tana ta ƙara daga ɗakin tiyata, ina jini, ina jini. Ta narke. Muka duba ko'ina, ba tsaga. Aka ɗora a injin wanki. Ruwan gishiri mai ƙarfi, ɗigo ɗigo, a jira ya zauna. Sai na biyu. Sai na uku. Ba abin da za ka yi wa wannan aikin ya yi sauri. 'Yata tana sama tana zubar da nata, ni ina ƙasa ina hana mutane gaggawa.

Ruwan ya fito da ja, ya koma ruwan hoda, ya washe.

Ban jira mai ɗauka ba. Hawa uku, ban ji gwiwata ba sai yanzu. Na miƙa ta taga. Da ɗuminta.

Ta biyu ta bi bayanta da awa guda.

Ƙarfe biyu likitan tiyata ya fito. An samu mace, tana da rai, ƙarama ce amma tana kuka. Auta ma tana da rai. Sai ya ja mijin gefe, ni dai kunnena bai mutu ba. Ya ce jinin ya ƙi tsayawa. Ya ce da yana da isasshen jini a hannu da ya ɗauki lokaci ya gwada ceton mahaifar, wataƙila ta tsira, wataƙila ba ta tsira ba. Da abin da yake da shi ba zai yi caca da ranta ba. Ya cire.

Malam Gyara ya ce, "Na gode, likita." Bai waiwayo ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ta farka, ta koma. Leɓenta fari.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mijinta ya gaya mata komai da safe. Ta aiko nas ta kira ni.

Na zauna. Ba ta kalle ni ba, jaririyar take kallo.

Ta ce, "Baba, ashe ba wanda ya riƙe maka."

Na ce babu.

Ta ce, "Inna ta san ka bar aiki?"

Na ce ta tambaya sau ɗaya, na ce mata na gama na yau da na gobe. Uwarta ta ce to zauna.

Auta ta ce, "Na kwana biyun nan, da ka sauka ka bar ta ita kaɗai, da shi ne ba zan yafe ba. Na makon biyun nan kuwa, ka ba ni lokaci. Ba yau ba."

Na ce to.

Ta gyara wa yarinyar zani. Ta ce, "Ka gan ta. Ita ce ta fari, ita ce auta."

Na ce tagar tana shigo da iska, na tashi na rufe.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Jinin nesa ya iso ƙarfe goma, a akwati mai hayaƙin sanyi, leda biyu. An narkar da ɗaya an ƙara wa Auta, leɓenta ya fara dawowa. Ɗayar tana firiza ta biyu, a ƙurya. Ni na nuna wurin.

Mai Tabarau ta fito da tsohuwar rajistar ta buɗe shafin, ta miƙo mini biro. Ta ce ba a gogewa, layi ɗaya ake ja, a rubuta gaskiyar a gefe, a sa kwanan watan yau. Ta ce ita ma za ta rubuta nata rahoton, har da ƙararrawar, har da barin mutum ɗaya a tsaro. Na ce sau uku na kai ƙorafi. Ta ce ta gani a fayil. To.

Na ja layi sau shida. A gefen kowanne na rubuta, ban duba ba. A layin Litinin na rubuta sha ɗaya. Ta ce za ta ci gaba da nuna wa yaran rajistar, har da wannan shafin. Na ce wannan ita ta shafa.

A sama na tarar da surukina yana jijjiga yarinyar. Bai gaishe ni ba, amma ya miƙo mini ita, ya ce hannunsa ya gaji. Ba ta kai nauyin leda biyar ba.

Mai Tabarau ta hawo da takarda. An gwada jinin jaririyar. Ba irin na uwarta ba ne, irin na kowa ne, wanda ake samu a kowace firiza.

Na ce ta sake gwadawa.

Ta ce, "Baba, sau biyu na gwada."

Na ce ta yi na uku. Kuma kada ta rubuta sai ta gani.